Bala Ya Ce Gado Ke Cin Ƙafa

Ku matso ku ji. Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bala, Allah Ya jiƙansa. Da girbin albasa nake ƙirga su. A jikina kam ban ji sun wuce ba, ban ji sun tsaya ba.

Babanmu mai ɗori ne a Aliero, Bala kuma ya tashi yana miƙa masa kara da tsumma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma shi abin da ya tsaya masa a rai daban ne: mutum ƙashinsa ya haɗe sumul, ya koma gida gwiwa ta sandare, don an hana shi motsi. Wannan ya kai shi karatun gashin ƙashi. Ya yi shekaru a asibiti yana koya wa manya tafiya, daga baya ya koma jami'a yana binciken yadda mutum ke taka ƙasa.

Ni karatuna bai wuce allo ba, sai dai ina da kunne. Wata rana na ce masa na ji takun Malam, maigidana, ya sake, hagu na ɗan ja. Bala ya baza yashi a tsakar gida, ya sa Malam ya taka, ya durƙusa yana auna sawun da zare. Malam na tsokanarsa: "Likitan sawu, ka kama ɓarawon?" Bala bai yi dariya ba. Ya ce a je asibiti a duba ko Malam na da hawan jini. Lokacin dashen albasa ne, ba a je ba.

Bara Malam ya faɗi a kasuwar Jega, ɓarin hagu ya shanye. 'Yan'uwansa na Maiyama sun ce in bar bawan Allah ya huta. Da Bala na nan, na san abin da zai ce: "Yaya, gado ke cin ƙafa." Rubuce-rubucensa na cikin akwati, da Turanci, ba mai karanta mini. Abin da ya rage mini nasa shi ne yadda ake sa kafaɗa a hammatar mutum a ɗaga shi.

Kullum da safe taku biyar muke yi ni da Malam zuwa bakin ƙofa. Jiya a na biyu ya tsaya, ya ce, "Hajara, don girman Allah ki ƙyale ni." Ban ji tausayi ba, ban ji haushi ba. Na dai tsaya riƙe da shi.

Da ku ne ni, gobe za ku ɗaga shi, ko za ku bar shi ya kwanta?