Usta Hulusi, Mai Waƙa da Aska a Hannu

Da an idar da sallar asuba Usta Hulusi ke buɗe shagon askinsa a unguwar Gubaira da ke birnin Riyad. Baturke ne, kuma in ka kira shi wanzami sai ya ɓata rai, ya ce shi mawaƙi ne mai fassara. Shekara da shekaru yana mayar da waƙoƙin Larabawa zuwa Turkanci, yana kuma rubuta nasa. Littafi ɗaya aka buga masa, yawancinsa na nan jibge a bayan kujerar aski.

Dabararsa kuwa, wayyo! Sai ya lafta maka kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronka, sannan ya fara baiti. Ina za ka? Jibirilla, ɗan Damagaram mai dako a unguwar Sulay, ya fi kowa shan wannan karatu.

"Ya sadik, abokina, ya yi daɗi?"

"Wallahi ya yi, Usta," in ji Jibirilla, ko yawu ba ya iya haɗiyewa.

Amma ranar da katako ya karya wa Jibirilla ƙafa a wajen aikin wasu Turkawa, kai ne, Usta, ka rufe shago ka yi masa tafinta daga ofis har asibiti. Haka ka yi wa mutanenmu da yawa, ba ka taɓa gori ba.

Bana hannun Usta ya fara rawa saboda tsufa, ya ce zai koma gida. Burinsa ɗaya, ya karanta waƙoƙinsa ko sau ɗaya ne a gaban mutanen da suka zo don ra'ayin kansu. Ya kama istiraha, wato gidan taro na haya, ya gayyaci Turkawan Riyad. Ranar ta faɗo kan wasan ƙwallo, ba wanda ya zo. Jibirilla ya leƙa ya tarar da tsohon cikin kwat, shi kaɗai da tukunyar shayi. Tausayi ya kama shi, ya hau buga waya.

Kafin shayin ya huce, bas ta sauke 'yan Maraɗi da Damagaram. Babu mai jin Turkanci ko na gaisuwa. Hulusi na kai ƙarshen baitin farko, Maulud direba ya cafe layin ƙarshe ya rera, sauran suka ɗauka da tafi, ɗakin ya ɗauki amo.

Hulusi ya tsaya cak, fuska ta yi ja. "Ba'a kuke mini?"

"Haba Usta!" in ji Jibirilla. "A garinmu ba a barin mai waƙa shi kaɗai. Kai ja, mu amsa."

Tsohon ya cire tabarau ya share hawaye, ya buɗe shafi na gaba.

Mun gode, Usta, Allah ya kai ka gida lafiya. Masu ilimi, ku yi koyi da shi, ku tsaya wa baƙon da bai da baki. Har yau ba mu san me muka amsa ba, amma da zuciya ɗaya muka amsa shi.