Ɗan Farin da Ban Ƙirga Ba

Ko zan manta da ranar aurena, ba na jin zan manta da shekarar da aka zo sake yanka mazaɓu a ƙasarmu. A shekarar ne na kusa rufe wa garinmu baki da hannuna, alhali ni a ganina tarbiyya nake tsarewa. Shekaru sun ja yanzu, amma duk lokacin da na ga an ajiye akwatin zaɓe a gindin tsamiyar makarantarmu, sai in tuna kamar jiya abin ya faru.

Garinmu yana ƙasar Tambuwal, can gefen da ke duban Kebbe. Tun da aka fara zaɓen kansila aka haɗa mu, mu da tungayen da ke kewaye da mu, cikin mazaɓar wani babban gari da ke hayin fadama. Su ke da yawa a takarda, don haka kansila kullum nasu ne. In rijiyar burtsatse aka kawo, can. In ɗakin shan magani ne, can. Mu kuwa da zarar damina ta sauka fadama ta cika, sai mu koma kamar hatsin da aka rufe a rumbu. Ni ungozoma ce, na san abin da nake faɗa. Na sha tsayawa bakin ruwan nan da mace mai naƙuda a kan amalanke, muna hangen rufin asibitin, babu hanyar isa. Kwalbati guda muke roƙo, kansila ya hau ya sauka, wani ya hau, babu wanda ya taɓa jiƙa ƙafarsa ya zo ya gani.

Wanda ya ɗauki maganar nan a kansa shi ne ɗana na fari. Ga shi yau na faɗa muku a sauƙaƙe, amma a wancan lokacin ko da wuƙa a wuya ba za ku ji haka daga bakina ba. Mu haka muka tashi: ɗan fari ba naki ba ne. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya shigo gaisuwa nakan amsa ina duban wani wuri, in kuma dole sai na ambace shi, sai in ce mutumin sashen gabas. Macen kirki in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga na biyu take fara ƙirga. Kuma a garinmu ni ce mai tsaron wannan ƙa'ida. Yarinyar da ta yi suɓul da baka, harara ɗaya ta ishe ta.

Shekara biyu mutumin nan ya yi yana zarya kan babur zuwa Tambuwal da takardar koke. Roƙonsa guda ne: a ƙirga mu, in mu da tungayenmu mun kai, a yanka mana mazaɓarmu. Ina jin labarin ta bakin matansa, ina yi masa addu'a a zuci, a fili kuwa ko tari ban yi ba.

Sai ga 'yan kwamitin yanka mazaɓu sun iso cikin zafin bazara, ba zato. Samari duk sun tafi cin rani, magidantan da suka rage kuma sun tafi kasuwar Dogon Daji, har da shi. 'Yan kwamitin maza biyu ne da mace guda, wata yarinyar birni mai gilashi da babban littafi. Tunda maza ba sa shiga gida, mai gari ya aiko aka kira ni, ya ce in zaga da ita gida-gida, ta ji daga bakin babbar macen kowane gida yawan manyan da suka isa jefa ƙuri'a. Ya zaɓi wadda ta dace, don rabin mutanen garin a hannuna suka faɗo duniya. Babu wanda ya fi ni sanin yawanmu.

Da gidanmu muka fara. Ta zauna a kan turmi tana fifita da gyalenta, ta ce, "Inna, 'ya'yanki nawa manya a gidan nan, da iyalinsu?"

Na lissafa mata tun daga na biyu har auta, da matansu, da jikokin da suka balaga. Sashen gabas kuwa ko waiwaya ban yi ba, alhali shi ya fi kowane sashe cika: shi, da matansa biyu, da 'ya'yansa maza masu aure. In ba ki ambaci mutum ba, ta ina za ki ambaci abin da ya haifa?

Ta ce, "Shi ke nan, Inna?"

Na ce, "Shi ke nan."

Muka wuce gida na gaba. Matar gidan ta dube ni, ta dubi littafin, ta fara daga na biyu. Haka na gaba, haka na gabansa. A wani gida tsohuwar ba ta da lafiya, sai wata ƙanwar mijinta mai rawar kai ta amsa, ta buɗe baki za ta fara da ɗan farin da ita ta haifa. Na daka mata tsawa, "Ke! Gaban baƙuwa? Wa yar rene ki?" Ta haɗiye maganar. Ma'aikaciyar ta ɗaga kai ta ce lafiya, na ce lafiya lau, rubuta abin da aka ba ki. Kafin la'asar mun gama gari, na raka ta har mota ina jin kaina, wai na nuna wa 'yar birni garin masu kunya.

Bayan 'yan makonni 'yan kwamitin suka dawo karanta sakamako a ƙofar mai gari. Maza suka cika fili, mu mata muna bayan danga muna leƙe. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura, ya buɗe taswira ya ce sun duba da adalci, amma mutanenmu ba su kai a ba su mazaɓa ba. Ya ƙara da cewa yadda lissafin ya nuna, ko akwatin da ake kawo mana ma ya fi ƙarfinmu, za a haɗe shi da na hayin fadama.

Sai na ji muryar mutumin sashen gabas: "Ranka shi daɗe, a karanta muna gida-gida."

Aka fara. Ana karantawa maza suna duban juna, kowa yana ƙirga da yatsu yana girgiza kai. Da aka zo gidanmu aka jera sunaye, na ƙannensa duka, da na matansu, aka tsaya. Ya jira. Babu ƙari.

Wani abokin wasansa, taubashinsa ne, ya kwashe da dariya ya ce, "Kai jama'a! Ashe baƙo munka aika Tambuwal shekara biyu! Malam, kai ɗan wane gari ne?"

Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Shi bai yi ba. Ya ce, "Wa ya ba da lissafin gidanmu?"

Mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsohuwa."

Ya juyo ya dubi dangar nan, daidai inda nake tsaye, ya ce, "To." Ya zauna.

Ban yi boko ba, ban san abin da layukan taswira ke faɗa ba, amma a tsayen nan na gane abin da na aikata sarai. Kowane gida na sare masa babban reshe. Ashe takarda ba ta san kunya ba. Abin da aka gaya mata shi take riƙewa. Ni da na tsaya bakin fadama da mata suna kiran sunan Allah, ni ce na sa za a ƙara musu wasu shekarun. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, don na san adadin, ɓoyewa na yi.

Maza suka yi ca, dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zai goge rubutu don hayaniya ba, kowane gari ma cewa yake an rage shi. Amma akwai ranar sauraron ƙorafi a sakatariya. In waɗanda suka ba da lissafin sun zo da bakinsu sun ce ga inda suka yi kuskure, za a sake ƙirga.

Washegari da hantsi na tara tsofaffin garin a tsakar gidana. Ba su zo da sauƙi ba. Aminiyata, wadda muka yi ƙuruciya tare, ta ce, "Ke da kinka hana yarinya magana rannan, yau ke za ki kai mu gaban maza mu yi tsiraici da furfura? Mi za a ce da mu?"

Na ce, "Za a ce da mu waɗanda sunka sa aka ɗauke akwati. Zaɓi guda."

Ta ce, "Uwayenmu ba su yi haka ba."

Na ce, "Uwayenmu ba a tambaye su da littafi ba. Ke, ɗiyarki ta ukku wa ya riƙe mata kai bakin ruwa tana naƙuda? Ni ko wata?"

Ta murza bakin zane. Can ta ce, "In kin fara, ni bi."

Mu tara muka cika bas zuwa Tambuwal, wasu ko sau ɗaya ba su taɓa taka ƙofar ofis ba. Ɗakin cike yake da maza daga garuruwa, fanka tana juyawa a sama, ga yarinyar mai gilashi a gefe da littafinta. Mutanen garinmu suna baya a tsaye, mutumin sashen gabas yana cikinsu. Da aka kira garinmu na miƙe.

Na ce, "Ranka shi daɗe, yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na ba ta lissafi, kuma na rage. Ina da ɗa wanda ban faɗi ba. Kowacce cikin matan ga haka ta yi, don idona na kanta."

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana dubana. Ya gane, don shi ma uwa ta haife shi. Ya ce a hankali, "Hajiya, na san nauyin abin. Amma sai da suna ake rubutawa."

Na ɗauka zan iya cewa a tambaye shi, ga shi can tsaye. Amma ni na cire shi, ni ya kamata in mayar. Na dafa bencin da ke gabana, na kira sunan. Shekara hamsin da wani abu yana cikin bakina bai taɓa fita ba, har na ji shi baƙo a kunnena. Na bi da matansa, da 'ya'yansa, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Babu wanda ya yi dariya, har taubashin nan. Ina zama aminiyata ta tashi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kira nata. Haka muka yi mu tara, yarinyar tana rubutawa.

Da muka fito, ina neman bas ɗinmu, sai ga mutumin sashen gabas ya tsayar da babur a gabana. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ce, "Inna, hau in kai ki gida."

Ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Na hau, na riƙe ƙarfen baya, na ce masa ya dubi hanya ya bar surutu, alhali bai ƙara cewa komai ba. Iska ce ta yi ta sa idona ruwa har gida.

An sake ƙirga bayan samari sun dawo shuka, aka bar mana akwatinmu, daga baya aka yanka mazaɓar da ta haɗa mu da tungayenmu. Kansilan farko daga wata tunga ya fito, ba daga gidana ba. Shi mutumin bai ma nema ba. Kwalbatin ya ɗauki lokaci, amma an yi, kuma na haye shi da mai naƙuda a cikin mota tsakiyar damina.

Har yau ban daina kunyarsa ba, sunan ma ban sake kira ba, kuma ba zan maimaita muku shi a nan ba. Kunya ado ce, ban ce a zubar ba. Amma na koyi cewa tana da wurinta: ta tsakar gida ce, tsakaninki da wanda ya san abin da shirunki ke nufi. In mai littafi ya zo ƙirgar mutane, wanda kika ɓoye babu shi, kuma rabonsa da na 'ya'yansa wani za a ba. Shi ya sa yanzu ko allurar rigakafi aka zo yi, ni ke shiga gaba, kuma a kowane gida nakan ce wa matar, "Fara daga na fari, ina tsaye."