Awa Biyar da Rabi: Baba Seyni na Saga

Ranar Alhamis ina tsaye a filin jirgin saman Yamai ina jiran jirgin Paris, sai na hango Garba, direban biromu, wato ofishinmu, yana kutsowa cikin mutane babu hula. Ya kama hannuna ya ce, "Malam Issa, sai haƙuri. Baba Seyni ya cika bayan azahar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A lokacin ɗansa Hamani, da ke karatu a Paris, yana cikin jirgin, bai sauka ba tukuna.

Shekara goma sha shida na yi a ƙarƙashin Baba Seyni, muna sayar da tikitin jirgi a unguwar Kalley. Na zo daga Maraɗi ban san kowa ba, shi ya nema mini ɗaki. Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Yakan ce, "Kada ka gaya wa matafiyi awa nawa jirgi yake yi a sama. Gaya masa ranar da zai ga mutanensa."

Da farin nan ya koro makiyaya bakin gari, kowace Juma'a sai ya ɗebo shinkafar gonarsa ta Saga, ya sa ni in kai musu. "In sun tambaya, ka ce jirgi ne ya jefo."

Ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, don haka ba ni da wurin ɓuya. Ga abin da na rubuta ran Litinin: "Lokotoro a asibiti ya ce ciwon Baba ya tsananta, a kira Hamani. Paris kusan kilomita dubu huɗu, awa biyar da rabi kacal. Bari in ga gobe, kada in tada shi daga jarrabawa a banza." Jirgin Talata ya zo babu shi. Da yammacin ranar na buga waya, wani jirgin kuma sai Alhamis. Na ƙirga awoyin sama, na manta kwanakin da ke tsakanin jirgi da jirgi, abin da Baba ya fara koya mini.

Da safiyar Alhamis na leƙa shi asibiti. Ya ɗora agogonsa a ƙirji.

"Issa, saura nawa?"

"In ya tashi, biyar da rabi, Baba."

Ya yi murmushi da ƙyar. "Har yanzu lissafin takarda kake, ɗana. To, zan gwada."

Ya gwada. Awa ɗaya da 'yan mintoci suka rage jirgin ya sauka.

Da jirgin ya sauka, sojoji suka tsare fasinjoji suna binciken kaya. Na roƙi wani har na durƙusa, ya saki Hamani. Mun isa Saga an riga an yi sutura. A bakin kabari Hamani ya riƙe ni yana cewa, "Yaya, na gode da ka kira ni da wuri." Hamani, ga amsar yau: ban kira ka da wuri ba. Kwana ɗaya na jinkirta, ya ci maka biyu. Ka yafe mini in za ka iya.

Allah Ya jiƙan Baba Seyni, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa shinkafar nan ta tarye shi. Allah Ya ba matarsa Inna Haoua da Hamani haƙurin rashi. Ni kuma Ya gafarta mini Litinin ɗin nan. Amin.