Gwaggo Hassi, wadda ta riƙe mini baƙi da tukunya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kasuwa da safen nan muna cinikin jar fata, sai ga aike daga Dundaye: Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, ta rasu.

Na zauna a kan fatun mutane ban sani ba.

Bari in fara yaba wa 'yan'uwana masu masaukin fatake na Sakkwato. Mutane ne masu adalci. Banufe, Babarbare, Buzu, kowa tuwon dawa da miyar kuka, safe da yamma, ba sa nuna bambanci. In baƙo ya rame, su ce ruwan garin ne bai karɓe shi ba.

Ni ma a shekarun baya adalcin nan na yi ta yi, har masaukina ya kusa zama turken jakai. Babban baƙo ɗaya ya rage mini, Madugu Bukar na Barno. Shi ma ya kwanta ciwo, ya daina cin abinci, mutanensa suka fara ɗaure kaya za su koma gidan maƙwabcina. In ya tafi, na rufe ƙofa ke nan.

Gwaggo, da take zaune a gidana a lokacin, ta tsaya a bayan zana ta ce, "Malam baƙo, in ba ka da lahiya, mi innakka takan dahwa maka?"

Ya ce burabusko.

Ita ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Ta nemo wata tsohuwa Babarbariya cikin ayarin, ta bar mata murhu, ta ɓarza mata gero, ta tsuguna tana kallo. Madugu ya kai loma, ya ƙara. Da ya ga gindin akushi ya ce, "A kwance kaya."

Tun daga ranar, duk macen da ta biyo ayari sai Gwaggo ta ja ta madafa. Dakuwar Nufawa, alalen Yarbawan Ilori, tukuɗin Buzaye mai cuku da dabino. Maƙwabta suka ce gidana, gidan Ummaru, ya zama kasuwar kwaɗayi. Suna dariya, raƙuma na durƙusawa a ƙofata.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta a Dundaye, inda ta koma da tsufa ya zo. Ta turo mini hoce, wainar dawarmu ta gida. Na ce, "Haba Gwaggo, duk iyawarki?"

Ta ce, "Kai baƙo ne? Ci, ɗan nema. Da shi anka yaye ka."

Na cinye tas.

Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna. Duk wanda ya taɓa suɗe hannu a gidana, ya sa ta a addu'a.

Mun dawo daga maƙabarta na tarar zaure ya cika. Nufawa na cewa tasu ce, Barebari na rantsuwa jininsu ce, wani Buzu ya ja rawani yana hawaye. Matar da iyakar tafiyarta Dundaye zuwa birni!

To ku gaya mini, su za su yi mini gaisuwa, ko ni zan yi musu?