Jar Rigar Ummi

Safiyar ta zo kamar kullum. Na yi sallar asuba, na dama kunu. Maigidana Sani ya sha, ya ɗauki magirbi ya tafi gona, don lokacin yankan dawa ne. Ƙauyenmu yana wajen Tozai. Ni sana'ata saƙa. In sanyi ya matso, matan gari sukan kawo mini 'ya'yansu in auna, in saƙa musu rigunan sanyi da zaren ulun da Sani ke sayo mini a kasuwar Illela.

Da hantsi Hajjo ta shigo da ƙwaryar nono a ka. Bafillatana ce, rugarsu tana bayan gari, mun daɗe muna ƙawance. Ta zo da ɗiyarta Ummi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Rigar Ummi ce a hannuna. Ja ce. Na gama jiki da hannuwa, saura fure ruwan ɗorawa da nake ɗinka mata a ƙirji.

"Ramatu, gwada mata," in ji Hajjo. "Bari in kai nono bakin rijiya in dawo."

Na saka wa Ummi rigar, allura na rataye a jikin furen. Ta yi mata daidai. Tana shafa ƙirjinta tana dariya.

Sai na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Harbi ya tashi daga wajen rijiya. Wani ya ƙwala ihu daga kan hanya:

"Sun shigo! Ku hita ta baya!"

Na tsinke zaren da haƙori, na jefar da allurar. Na goya ɗana Nasiru, na sungumi Ummi. Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifin Sani da ke zaune da mu, tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. Na fizgo hannunta. Muka keta dangar kara. Ban waiwayi rijiya ba.

Tsakanin gidanmu da gonar dawa akwai fili. A nan aka harbo mu. Gwaggo ta ce "wayyo" sau ɗaya, ba ta tsaya ba. Muka faɗa cikin dawa, muka kwanta tsakanin kunya da kunya.

Ganyen ya bushe, ba ya rufe mutum sosai. Gwaggo ta dubi Ummi, ta raɗa mini:

"Jan ga zai kashe mu. Tuɓe mata."

Ummi ta riƙe rigar da hannu biyu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Fillanci. Na cire da ƙarfi, na cusa rigar ƙarƙashin cikina. Ta buɗe baki za ta yi kuka, na toshe da tafin hannuna. Na juyo da Nasiru gaba, na saka masa nono a baki.

Babur ya tsaya a bakin gonar. Aka kashe inji.

"Ku hito! Mun gan ku!"

Ba su gan mu ba. Ina jin takun mutum yana karya kara. Ummi ta cije ni har na ji jini. Ban ɗaga hannun ba. Aka yi harbi sama, aka yi dariya, babur ya tashi. Bayan nan warin hayaƙi ya iso mana. Gero ne ke ƙonewa a rumbuna, na san warinsa.

Sai lokacin na ga zanen Gwaggo ya jiƙe. Harsashi ya shige ta a dantse. Na naɗe kallabina na danna a wurin, amma babu abin ɗaurewa. Na jawo rigar. Ni na saƙa ta, na san inda na ƙulle zaren a bakin hannu. Na kwance ƙullin, na ja. Hannun rigar ya riƙa warwarewa layi bayan layi. Na ninka zaren ya yi kauri, na ɗaure dantsen tam. Ummi tana kallo. Ba ta ƙara yin kuka ba.

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Ba a kira azahar ba a garinmu.

Da harbi ya yi nisa muka tashi. Muka bi ta kwari, ba takalmi. Nasiru a baya, Ummi a kafaɗa, Gwaggo ta dafa ni. Muka tarar da wasu matan garinmu a hanya. Na tambaye su Hajjo. Suka kawar da kai, muka ci gaba da tafiya.

Da la'asar muka fito titi. Wani mai motar albasa ya tsaya, ya ɗora mu kan buhuna, ya kai mu Illela. Aka karɓi Gwaggo a asibiti. Jinin da ta zubar ya yi yawa. Ta cika da safe.

Sani ya iso da hantsin ranar, ƙafafunsa a kumbure. A cikin wani tsohon rami ya ɓuya. Muka sauka a gidan wansa, kusa da tasha. Ummi ba ta yarda da kowa ba sai ni. A bayana take kwana, gefen Nasiru. Da sanyi ya sauka na sake saƙa hannun rigar da baƙin zare, don ja ya ƙare. Ta ƙi sakawa.

Sai da sanyi ya kusa fita Buba, mijin Hajjo, ya gano inda muke. Ya rame. An kora shanunsa duka. Ya ce a bakin rijiya ya sami gawar Hajjo, shi da ƙanensa suka yi mata sutura. Zai koma wajen danginsa a Nijar.

Ya miƙa wa Ummi hannu. Ta ɓuya a bayan zanena, ta ce "Inna." Ni take nufi. Buba ya sunkuyar da kai.

Ni na goya ta har tasha. Sai da ta yi barci na kwance ta, na ɗora masa a cinya. Motar ta tashi wajen iyaka.

Da na koma gida na zuba wa yara tuwo a kwano biyu. Na tsaya ina kallon kwanonin. Na juye ɗaya cikin tukunya.