Ruwa Bakwai na Malam Sada

Malam Sada ya ɗora tafin hannunsa a bangon ɗakinsa, kamar yadda yake yi kullum idan ya dawo daga sallar asuba. Bangon ƙasa ne, kuma shekara talatin yana gaya masa gaskiya. Idan ya huce, ranar ta dogon gudu ce. Idan da sauran ɗumi, sai a gajarta. A wannan safiya ta bazara bangon yana da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Kwana goma sha tara ke nan bai huce ba.

A Makarfi ana ce masa Sada Mai Gudu. Da ƙuruciyarsa ya yi wa jiha gudun dogon zango, daga baya ya koyar da motsa jiki a firamare har ya yi ritaya. Akwai lokacin da samari goma sha biyu ke gudu gaban kekensa kowace safiya. Zafi ya kori wasu, neman abinci ya kori sauran. Yanzu saura ɗaya, Uwaisu, ɗan ƙanensa marigayi, mai shekara ashirin da huɗu, wanda zai shiga gasar tantance 'yan gudu a Kaduna nan da mako uku.

Hanyar da yake horar da su kilomita talatin ce, ta ratsa gonakin rake, ta bi ƙauyukan Gubuci, ta dawo gari. Shi ba ya auna ta da kilomita, da ruwa yake auna ta. Wurin shan ruwa bakwai ne a kanta, rijiyoyi da rafuka da wata 'yar maɓuɓɓuga a gindin dutse. Ɗan gudunsa ba ya riƙe gora, domin a ganinsa gora tana karkatar da kafaɗa. Ƙasa ce ke shayar da shi. Haka malaminsa ya koya masa, haka ya koyar.

Ruwa na biyu ya ƙafe shekara biyar da suka wuce. Na shida ambaliyar bara ce ta binne shi da yashi, domin damina yanzu ko ta ƙi zuwa, ko ta zubo da na wata guda a yini ɗaya. Duk ruwan da ya mutu, Malam Sada sai ya ce tazarar da ta ƙaru juriya ce. Matarsa Kulu ta sha ce masa ya ɗaura jarka a bayan keke, yakan amsa mata da cewa shi ba ɗan garuwa ba ne.

Uwaisu ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, takalmansa a hannu.

"Baffa, me bango ya ce?"

Malam Sada ya tuna mako ukun nan. Ya janye hannunsa.

"Ya huce," in ji shi.

Suka fita. Kafin hantsi iska ta tsaya cak, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Uwaisu yana tafiya kamar ana warware zare, ƙafa ba ta ƙara, kai ba ya girgiza, har dattijon ya manta da bangon yana kallonsa. Rijiya ta huɗu ta ba su rabin guga mai laka. Malam Sada bai damu ba, saboda na biyar rafi ne a ƙarƙashin giginyu, wanda ko a zamanin kakansa ba a taɓa jin ya ƙafe ba.

Suka tarar da laka ta tsattsage, sawun shanu ya bushe a cikinta. Wani makiyayi da ke tsaye ya ce yau kwana huɗu da ɗaukewarsa. Uwaisu ya lashi leɓe, ya ce ba komai, ya wuce. Bai yi nisa ba gumi ya daina fita a jikinsa, ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi a bakin hanya idonsa a buɗe bai san kowa ba. Makiyayin ne ya rugo da gorarsa ya kwara masa, ya tsayar da mai babur.

A ƙaramin asibitin da aka kai shi sai da ya sha ƙarin ruwa leda huɗu. Ma'aikacin lafiya ya ce da an ƙara rabin awa, da ƙodarsa ta taɓu. Kulu ta kawo kunu ta ajiye, ta juya ta fita.

Washegari da rana Uwaisu ya tashi zaune. Ya ce laifinsa ne, shi ya ɗaga ƙafa da wuri, jibi sai su koma, tun da bango ba ya ƙarya.

Malam Sada ya dubi ledar ruwan da ke ɗiga.

"Bango bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ni na yi. Bai huce ba."

Sannan ya gaya masa cewa ya yi waya da Saminu, tsohon abokin karawarsa da ke horar da 'yan gudu a tsaunukan Filato, inda safiya take da sauran sanyi. Saminu ya amince zai karɓi Uwaisu da zarar ya warke. Gasar bana ta wuce shi, amma ƙafafun suna nan. Kuma idan Saminu ya miƙa masa gora, ya karɓa ya sha.

"Kai fa, Baffa? Wa zai yi gudu a gaban kekenka?"

Dattijon ya miƙe, ya gyara hularsa. A bakin ƙofa hannunsa ya kai ga bangon siminti na asibitin da kansa, bai ankara ba. Ya ji zafinsa, ya sauke hannun, ya ɗaga labule ya fita.