Shekarar da Ba Mu Yi Yaɓe Ba

Gidan da aka kai ni aure a Gusau yana bakin gulbi ne, a unguwar masu yin tubali da 'yan lambu. Daga Bungudu aka kawo ni. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Idonta ya riga ya tafi, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. Ɗakinta tsohon soro ne, marigayi mijinta ya gina shi da hannunsa.

Gidan ƙasa kuwa kowa ya san halinsa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe. Maza su kwaɓa ƙasa da ciyawa, su hau rufi su toshe tsaga, su gyara indararo, mu mata mu jiƙa makuba a shafe bango. Haka na tarar ana yi a ko'ina.

Wata bazara sai ga masu awon fili da sarƙarsu, suna kafa turaku har cikin albasar mutane. Mai unguwa ya tara maza ya ce wani kamfanin sayen gyaɗa zai gina sito a wurin, mu kuma za a ba mu fegi can nesa da ruwa. Ya ce kada kowa ya ƙara aza ƙasa a kan gini, domin wanda ya gyara gida kamar ya ce ba zai tashi ba ne. Wai kafin ruwan farko ma mun tashi.

Ruwan farko ya zo, gero ya kai gwiwa, ba fegi ba labarinsa.

Na ce wa maigida, "Malam, rufin ɗakin Inna hwa ya tsage ta gabas. Ko kwando guda a aza mashi."

Ya ce, "Ke ba ki ji abin da anka ce ba? So kike a ce ni kaɗai ka jayayya da manya?"

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma in aka ce masa magana daga sama ta fito, ko hularsa aka ce ya ci, zai nemi ruwan korawa. Haushinsa ya cika ni. Na kwaɓi ƙasa a ƙwarya na liƙe tsagar daga ciki, iya inda hannuna ya kai. Amma ciwon a sama yake, kuma matar aure ba ta hawa rufi, tana leƙa gidajen maƙwabta.

Na durƙusa na roƙi Inna ta koma ɗakina kafin damina ta wuce. Ta ce, "Ɗiyata, in kwana bisa gadon ɗana? Mi za a ce da ni?" Da na matsa, sai ta juya fuska bango ta ci gaba da jan tasbaha.

Marka ta kama. Kwana da kwanaki ruwa na tsiyaya, gulbi ya cika ya yi jajir, ko'ina warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a madafa, sai na ji muryarta: "Ke ɗiyata, azarag ga na kuka." Na yar da rariya na ruga. Ban kai tsakar gida ba rufin ya sauka. Ƙarar ma ba wata babba ba ce, kamar an sauke buhu daga bayan jaki.

Maƙwabta suka tone da fartanya da hannu. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na amsa musu, don haka ake amsawa, amma zuciyata tafasa take yi.

Sai bayan kaka aka nuna mana fegin. Ranar da muke kwashe kaya leburorin kamfani suka iso da diga da shebur. Ina ƙoƙarin ɗaga turmi na ji babbansu yana duban ɗakin Inna yana dariya, yana ce wa sauran, "Kai, unguwag ga ba ta da wuya. Ruwa ya yi muna rabin aiki."

Har yau ban yafe wannan dariya ba. Maigida yana tsaye kusa da ni, da tabarmar Inna a naɗe a hammatarsa, kuma na san ya ji.